Lemar Inna Tana Hannuna Har Yau

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Sau uku ina sayen takarda, sau uku ina tura ta ƙarƙashin katifa. Wani lokaci in ce ni da na tsaya a firamare, wa zai ɓata lokacinsa a kan rubutuna. Wani lokaci kuma tsoro ya kama ni, kada in faɗi abin da zai ɓata wa wani suna, in ƙara alhaki a kan wanda nake ganin na riga na ɗauka. Maiɗakina ce ta gaji da ni, ta ce, "Malam, ko dai ka rubuta, ko ka bar mu mu huta da zancen lemar nan." To ga shi na zauna. Ba zan kama sunan kowa ba, ba kuma zan faɗi sunan ƙungiyar da na yi wa aiki ba. Amma abin da ya faru, in dai ina da rai da hankalina, ba zai fita daga zuciyata ba.

Shekarun baya na yi aikin masinja a wata ƙungiya mai zaman kanta, irin waɗanda ba na gwamnati ba. Ofishinmu yana cikin garin Ikara, ɗaki uku ne da ɗan baranda. Aikin ƙungiyar shi ne lallashin mata masu juna biyu su riƙa zuwa awo asibiti, da kuma auna damtsen ƙananan yara da wani ɗan tef mai launi uku, don a gane wanda tamowa ta fara kamawa tun abin bai yi nisa ba. Ƙauyukan Ikara da Makarfi da Kudan muke zagayawa. Ni nawa aikin buɗe ofis ne, da shara, da kai takardu, da tayar da janareta. Masu shiga gidaje mata ne, don kowa ya san namiji baƙo iyakarsa zaure.

Ya kamata in faɗi halina tun yanzu, don shi ne rabin labarin. Ni mutum ne mai yawan damuwa. In na kulle ofis sai na ja kwaɗon sau uku, kuma akwai ranar da na kai har tasha na dawo don in sake ja. In aka aike ni da saƙon baki, maimaita shi nake yi a hanya kada in ƙara ko in rage. Ban cika magana a gaban manya ba, sai abin da aka tambaye ni.

A cikin matan da ke shiga gidaje akwai wata dattijuwa 'yar Saulawa, kowa Inna yake ce mata. Tsohuwar ungozoma ce, ba ta karatu ba ta rubutu. Kullum tana riƙe da wata baƙar lema mai karyayyen ƙarfe ɗaya da ta ɗaure da zare, ko ana ruwa ko ana rana. Ita kaɗai ce ke tsokanata a ofis ɗin nan. In ta gan ni na gama kulle ƙofa sai ta ce, "Ɗan nan, koma ka duba kwaɗon nan, na ji kamar ya yi tari." Ni kuwa, ko da na san wasa take yi, sai na koma na ja shi.

Wata rana aka ce in ɗauki sikelin awo in kai ƙaramin asibitin Saulawa, in biya gidan Inna mu tafi tare. Na isa da sassafe, ina ganin nan da nan za mu kai mu gama. Daga ƙofar gidanta zuwa asibitin tafiyar da ba ta kai shan shayi ba ce, amma sai da muka ci kusan awa biyu. Babu gidan da ta wuce. Nan barka, can gaisuwar rashi, can kuma dubiya. Ni ina zaune a zaure da sikeli a cinya, ina jiyo muryarta daga ciki, ana ina kwana, ina gajiya, yaya ruwa, yaya mai jiki, yaya kwanan yara. Raina ya fara ɓaci, ina ta duba agogo.

A wani gida da katangarsa ta zana ce, na ji abin da ya sa na daina duba agogon. Inna tana zaune da uwar mijin gidan suna shan koko. Can na ji ta ce, "Yaya, ranar awo ki ba ni aron amaryar nan taki ta raka ni asibiti. Ƙafar nan ta dame ni, ina son mai riƙe mini lema." Tsohuwar ta ce, "To, ai 'yarki ce, ki ɗauke ta."

Da muka fito na ce, "Inna, ashe ƙafarki na ciwo, ba ki faɗa ba?"

Ta dafa ƙugu ta yi dariya har da hawaye. Ta ce, "Kai dai Allah ya shirye ka. Yarinyar nan ciki gare ta, na fari. Ba ka ji an kaɗa daddawa ta tashi da gudu ta yi bayan ɗaki ba? Ita ba za ta faɗa ba, kunya ba za ta bar ta ba. Uwar mijin ta sani, ita ma ba za ta faɗa ba. Ni ma ban faɗa ba. Amma ranar awo za ka gan ta a kan benci."

Ranar awo kuwa na gan ta a kan benci, riƙe da lemar Inna, kanta a sunkuye. Tun daga ranar na gane cewa gaishe-gaishen nan da nake gani ɓata lokaci, su ne aikin. Sai ta gama su sannan ta hau acaɓa ta zo Ikara karɓar katuna da kayan awo, wajen ƙarfe goma, wani lokaci har sha ɗaya. A lokacin babu wanda ya damu, don Saulawa ce ta fi ko'ina cika ranar awo.

Ana nan sai babban ofishinmu na Kaduna ya turo mana wata jami'a mai kula da harkokin ma'aikata. Madam muke ce mata. 'Yar kudancin Kaduna ce, Kirista, Hausarta tana fita sarai sai dai takan yayyafa Turanci. Ina so masu karatu su sani, matar nan ba muguwa ba ce. Kafin zuwanta yawancinmu ba mu da ko takardar ɗaukar aiki, ita ta sa aka ba mu. Ita ta kawo hutun shekara, ta sa aka raba wa masu zuwa ƙauye rigunan ruwa, ta hana a aiki direba ranar Juma'a lokacin masallaci. Ta tarar da wasu ma'aikata suna zuwa lokacin da suka ga dama, wasu ma sai ƙarshen wata ake ganinsu, abin ya dame ta, kuma da gaskiyarta.

Sai ta kawo wani babban littafi na sa hannu. Ta ce kowa, babba da yaro, ya sa hannu da safe, ƙarfe takwas daidai a ja layi da jan biro. Duk wanda sunansa ya faɗo ƙasan layi ya makara. Ta kira ni ta miƙo mini biron, ta ce, "An ce mini kai ba ka ƙarya, kuma ba a iya saye ka. Kai za ka riƙe."

Ranar ban iya cin abincin rana ba saboda nauyin abin. Na saita agogona da rediyo. Na sayi rula da kuɗina don layin ya miƙe. Takwas na bugawa nake ja, ko da ina hango mutum yana sauka daga babur a bakin ƙofa. Wasu sun roƙe ni, wasu sun zage ni a bayan ido, ban taɓa ɗaga wa kowa ƙafa ba. Kuma gaskiya masu fashin aikin nan sun gyaru.

Inna kuwa kullum a ƙasan layi take dangwala yatsa. Ta shigo, ta jingine lemarta bayan ƙofa, ta gaishe da kowa ɗaya bayan ɗaya, sannan ta zo wurina.

"Malam mai jan biro, yau ma ka shata mini iyakar gonata?"

"Inna, doka ce."

"To sa ni a ƙasan, ai ya fi inuwa."

Wata rana na rage murya na ce mata, "Inna, don Allah ki riƙa fara zuwa nan ki dangwala, sannan ki koma ki yi zagayenki. Abin nan ana dubawa."

Ta ce, "Ɗan nan, in zo Ikara in koma Saulawa, wa zan tarar? Da safe ake samun uwar miji zaune da kwanon koko. In rana ta ɗaga, wannan ta tafi tsinkar barkono, waccan ta kai abinci gona. Littafinka zan auna wa damtse?"

Na ga gaskiyarta, amma ban kai maganar ko'ina ba. Na ce a raina, wannan tsakaninta da manya ne.

Bayan wata shida aka zo auna ma'aikata, don a san wanda za a sabunta wa takardar aiki. Madam ta zo da wani fom mai gidaje-gidaje. Akwai gidan zuwa aiki kan lokaci, akwai na iya cike rahoto a waya, akwai na takardar makaranta. Yawan matan da suka zo awo kuwa, wannan a lissafin asibitin kowane gari yake shiga, ba a rubuta wanda ya kawo su. Ta kira ni ofishinta, littafin yana buɗe a gabanta.

"Zauna mana. Dattijuwar nan ta Saulawa, tana zuwa kan lokaci?"

"A'a, Madam."

"Ko sau ɗaya?"

"Sau biyu, Madam. Ɗaya ranar da ta kwana a gidan 'yar'uwarta nan cikin gari, ɗaya kuma ranar da aka ce za a ɗauki hoton katin shaida."

Ta yi rubutu, ta ce, "Na gode, shi ke nan."

Na tashi na kama hannun ƙofa. Wallahi maganar tana bakina. Ina so in ce, Madam, kafin matar nan ta iso nan ta riga ta shiga gida goma. Amma sai tunani ya yi mini yawa. Na ce ba a tambaye ni ba. Na ce masinja ne ni, kada a ce na yi shisshigi. Na ce kada ta zaci Inna ta ba ni wani abu, ta janye yardar da ta yi mini. Na tsaya har ta ɗago kai ta dube ni, sai na ce, "A kawo shayi?" Ta ce a'a. Na fita.

Ban yi ƙarya ba a ɗakin nan, ko kalma ɗaya. Shekaru na yi ina faɗa wa kaina haka, amma bai taɓa sa na ji sanyi ba.

Sati biyu bayan haka takardu suka fito. Da safen an yi ruwa, zuwa hantsi ya ɗauke. Inna ta fito daga ofishin Madam riƙe da ambulan, ta zo ta zauna kusa da ni a baranda, ta ce, "An yi mini bayani, amma Turanci ya yi yawa a ciki. Karanta mini da bakinmu." Ni da na ja layin, ni na karanta mata. An gode mata, an ce ba za a sabunta ba, saboda yawan makara da kuma sabon tsarin aiki da waya. Na kai ƙarshe, na naɗe takardar na miƙa mata.

Ta kalli ruwan da ke ɗiga daga kwanon rufi. Can ta ce, "Ashe haka ne. To, Allah ya sa hakan ne mafi alheri."

Na ce, "Inna, ki yafe ni."

Ta ce, "Me ka yi mini? Aikinka aka ba ka, ka yi. Ka dai riƙa duba kwaɗo." Ta yi ɗan murmushi, ta bi kowa ta yi masa sallama, har Madam, ta tafi.

Sai da yamma, ina shara, na ga lemar a bayan ƙofa. Na ce gobe zan kai mata. Gobe ta yi na ce sai ranar da ba aiki. Gaskiyar magana kunyar haɗa ido da ita nake ji. Na ɗauke lemar na ajiye a bayan kabad.

Aka ɗauki wata budurwa mai difloma a madadinta. Yarinya ce mai hankali da ƙoƙari, waya kuwa kamar a hannunta aka ƙera ta. Kusan tare muke isowa da safe, sunanta ne na farko a littafi kullum. Ta sa hannu, ta jira a ba ta kaya, ta hau acaɓa, ta isa Saulawa rana ta take. Bayan 'yan makonni na ga ta fara dawowa fuska ba walwala. Wata rana ta zauna a baranda ta cire takalmi, ta ce, "Baba, mutanen nan ba sa son ci gaba."

Na ce, "Me suka yi miki?"

Ta ce, "Yawanci ma ba na samun kowa. Yau na samu wani gida da mutane, na yi sallama, na buɗe waya, na bi tambayoyin yadda aka koya mana. Na ce wa amaryar gidan, kina da ciki? Wata nawa? Sai ta rufe fuska ta ruga ɗaki. Tsohuwar gidan ta dube ni sama da ƙasa, ta ce, 'Yarinya, mai ciki a gidan nan akuya ce, ga ta can a ɗaure, je ki auna ta.'"

Direbanmu da ke gefe ya fashe da dariya. Ni ban yi dariya ba. Na san abin da ya faru sarai: budurwar da ba ta yi aure ba ta tambayi amarya cikin fari a gaban uwar mijinta. Ba laifinta ba ne, kwana uku aka yi ana koya musu danna waya, ba a ɗauki ko rabin yini an koya musu shiga gida ba. Amma me na ce mata? Na ce, "Ki yi haƙuri, za su saba." Nan ma na sake yin shiru.

Bayan an gama girbin masara aka ce masu ba ƙungiyarmu tallafi za su zo ganin aiki. Aka zaɓi Saulawa, don a rahoton shekarar da ta wuce ita ce abin alfaharinmu. Aka aika wa mai gari, aka yi shela. Ranar muka tafi tun da wuri, muka kafa rumfa a gaban asibiti, aka shimfiɗa tabarmi, na jera kujeru na goge su sau biyu. Baƙi suka iso cikin farar mota, mace ɗaya da maza biyu. Aka zauna.

Muka yi ta jira. Mai gari ya zo da dattawansa, an gaisa. Tabarmin mata kuwa, in ka cire tsofaffi biyar ko shida da jikokinsu, babu kowa. Sikelin yana rataye a reshen dalbejiya, iska tana kaɗa shi. Madam tana ta duba hanya, budurwar nan kamar ta yi kuka. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, sai na koma ina gyara kujerun da ba wanda ya taɓa.

Can baƙuwar ta ce a tambayi tsofaffin ina sauran mata. Wata tsohuwa ta gyara zama. Na gane muryarta tun kafin in gane fuskarta, ita ce uwar mijin nan da na jiyo ta bayan zana.

Ta ce, "Wadda ta saba zuwa ta ɗauke su ba ta zo ba. Mun ji an ce kun sallame ta don ba ta zuwa aiki. To mu dai ba mu san aikinku ba. Amma kullum gari ya waye a tsakar gidajenmu muke ganinta. In ba aiki take yi ba, to me take yi?"

Aka fassara. Tsohuwar ta ci gaba, ba da faɗa ba, kamar mai ba da labarin ruwan bana. Ta ce matar ƙaramin ɗanta, ba amaryar nan mai riƙe lema ba, ta yi ciki, ƙafafu suka kumbura, kowa yana gani ba mai iya buɗe baki, har ranar da ta faɗi aka kwashe ta a mota sai Zariya. Allah ya sa da sauran kwana, ita da jaririn duka sun rayu. Ta ce, "Da tana nan, da tun wata na uku ta zo aronta."

Ban san yadda aka ƙare taron ba. Abin da na sani, ina ta cewa a raina, da yarinyar nan ta mutu fa?

A hanyar dawowa ina bayan mota tare da kujeru, Madam tana gaba. Muka ɗan yi nisa da garin. Sai ta juyo ta ce, "Me ake nufi da aro?"

Nan bakina ya buɗe. Na ba ta labarin ranar sikeli tun daga farko, da koko, da daddawa, da ƙafar da ba ta ciwo. Na gaya mata abin da Inna ta ce game da safiya da tsinkar barkono. Ban taɓa yin doguwar magana haka a gaban babba ba.

Ta ce, "Ka san duk wannan ranar da na kira ka?"

"Na sani, Madam."

"Me ya sa ba ka gaya mini ba?"

"Ba ki tambaye ni ba, Madam."

Na zaci za ta yi faɗa. Sai ta juya ta kalli gaba, sannan ta ce a hankali, "Haka ne. Ban tambaye ka ba. Ita ma ban tambaye ta ba. Littafi na tambaya."

Ta yi kwana biyu tana waya da Kaduna, ina jiyo muryarta tana tashi tana sauka. A rana ta uku ta fito da sabuwar takarda ta mayar da Inna bakin aiki, ta ce in shiga mota. Na ɗauko lemar daga bayan kabad. Muka je Saulawa, muka tarar da ɗakinta a rufe. Maƙwabta suka ce tun da aikin ya ƙare ta ce zaman banza ba zai yi mata ba, ta koma wurin 'yarta da ke aure a Taba. Washegari muka nufi Kudan, muka ratsa gonakin rake har Taba. A can aka ce mijin 'yar ya kwashe iyalinsa sun tafi noman rani, har da tsohuwar. Wani ya ce wajen Kano suka yi, wani ya ce a'a, ya ji ana zancen ƙasar Bauchi. Lambar da aka ba mu ba ta shiga. Ranar kasuwar Makarfi na je da kaina na bi 'yan rake da masu mazarƙwaila ina tambaya, ban samu wanda ya tabbatar mini ba. Madam ta ba ni takardar, ta ce, "Riƙe a wurinka. Kai ne ba za ka yar ba."

Masu tallafi sun so su janye daga Saulawa, da ƙyar suka ƙara mana shekara ɗaya. A cikin shekarar nan Madam ta sauya abubuwa da yawa. Littafin sa hannu ya koma na mu mazauna ofis kaɗai, masu shiga gidaje sau ɗaya a mako suke zuwa. Kowace mai difloma aka haɗa ta da dattijuwa 'yar garin, ɗaya ta riƙe waya, ɗaya ta riƙe gaisuwa. In za a auna ma'aikaciya, sai an je garin da take aiki an zauna da matan an ji daga bakinsu. A ƙasan fom ɗin nan kuma aka bar fili babba, inda ake rubuta dalili. Kowane ƙarshen wata ana zama, a bi kowa a tambaye shi abin da ya gani, har ni, har direba. Ranar farko da aka zo kaina na ce ba komai, Madam ta ce, "Ba za mu tashi ba sai ka faɗi abu ɗaya." Mata suka fara dawowa awo a hankali. Saulawa ce ta fi daɗewa ba ta huce ba. Budurwar nan kuwa ta koyi aiki, kafin in bar wurin na ji da kunnena tana neman aron wata amarya.

Abin da na koya, ni da ban yi karatu mai zurfi ba, shi ne ƙungiya irin tamu ba ta da wata dukiya da ta wuce mutanenta. Mota da waya da rumfa duk muna da su ranar taron Saulawa, amma mace ɗaya mai karyayyar lema da ba ta nan, sai tabarmi suka zauna wayam. Wanda aka ba riƙon ma'aikata, kafin ya yanke hukunci a kan mutum, ya tashi ya je inda mutumin yake aiki ya gani da idonsa, ya kuma tambayi na ƙasa, don sau da yawa mai shara ya san abin da ba ya cikin fayil. Ni kuma nawa darasin ya fi ɗaci. Na ɗauka in dai ban yi ƙarya ba na fita. Ashe mutum yana iya faɗin gaskiya rabi, ya riƙe rabi don tsoro, rabin da ya riƙe ya cuci wani.

Yanzu ga roƙona ga duk mai karanta wannan. Dattijuwa ce gajera, baƙa, mai wushirya, in za ta yi dariya sai ta dafa ƙugu. 'Yar Saulawa ce, ta yi zama a Taba, kuma na tabbata duk garin da take ba za ta iya wuce gidan haihuwa ba ta shiga ba. In kun san inda take, ko kun san 'yarta, don Allah ku aiko da saƙo ta hannun masu wannan shafi, ko ku sa a faɗa wa direbobin tashar Ikara cewa a gaya wa tsohon masinja mai neman mai lema, sun san ni, sun gaji da tambayata. In tana raye, ina so in karanta mata takarda ta biyu da bakinmu, kamar yadda na karanta mata ta farko. In kuma ta riga mu gidan gaskiya, kada ku ɓoye mini, ku faɗa mini in yi mata addu'a, in kai wa magadanta kayansu, don lemar nan haƙƙinsu ce. Duk damina nakan buɗe ta ta sha iska in mayar. Ƙarfen da ya karye yana nan da zarensa yadda ta ɗaure shi. Ban gyara ba, don ban nemi izininta ba.